Gadon da Warwick Ya Fitar Bakin Titi

Shekara shida da wata huɗu Narelle Doolan ta yi tana jiran a ba ta riƙon jariri daga ƙasar Filifin, kuma duk wanda ya san ta a garin Tarrawin ya san ba don jira aka halicce ta ba. A kantin maganin da take aiki, in mutum ya tsaya laluben jaka yana neman takardar likita, nan da nan za ka ji farcenta yana ƙwanƙwasa teburin kantin. Amma ga ta nan, ita da mijinta Warwick, suna zaman jiran gawon shanu, ana juya su kamar waina a tanda.

Sau huɗu likita yana auna su daga kai har ƙafa. Sau huɗu 'yan sanda suna ɗaukar zanen yatsunsu, sai ka ce yatsun mutum suna sake zane duk bayan shekara biyu. Sun rubuta tarihin rayuwarsu, sun sake rubutawa. Sun zauna a aji, wata yarinya da ba ta taɓa canza wa yaro ƙunzugu ba tana koya musu yadda ake zama iyaye. Aka ce ɗan tafkin kifin da ke bayan gida haɗari ne, Warwick ya kewaye shi da shinge. Aka dawo aka ce ƙofar shingen ba ta rufe kanta, ya yi zuciya ya cike tafkin da yashi, ya kai wa maƙwabci kifin a bokiti. Abin da ya fi ci wa Narelle tuwo a ƙwarya shi ne kowace takarda da ranar mutuwarta. Kafin ta likita ta iso ta 'yan sanda ta mutu, kafin a sabunta ta 'yan sanda hotunan gida sun tsufa.

Mutanen gari ma ba su rage mata komai ba. Wadda ta zo sayen maganin tari sai ta karkata kai ta ce, "Har yanzu shiru, Narelle?" Wata ta ce ta ji labarin wasu da suka samu cikin shekara ɗaya. Wani tsoho kuma ya gaya mata mai haƙuri yakan dafa dutse. Ta miƙa masa ƙwayoyinsa ta ce ita dai ta shekara shida tana hura wuta, ko ƙamshin romon ba ta ji ba.

A ɗakin da ke kallon titi akwai gadon jariri. Mahaifinta ne ya yi shi da hannunsa, shekara goma sha huɗu da suka wuce, lokacin da ta samu cikin farko. Da jan katakon turare na bakin kogin Murray ya yi shi, mai nauyin tsiya, ya sassaƙa 'yan agwagi uku a wajen kai. Ya ƙi sa masa fenti, mai kawai ya shafa, domin a cewarsa yaro sai ya ciji gadonsa. "Wannan ba kayan ado ba ne, Nel," in ji shi. "A kwanta a ciki, a yi fitsari, a gwagwiye katakon, to a nan zan san na yi aiki." Cikin farko ya zube, na biyu da na uku suka bi shi, tsohon ya rasu bai ga kowa a gadon ba. Tun daga nan kowace Lahadi Narelle takan shafe shi da mai, ta canza zanen gado da babu wanda ya kwanta a kai.

Saboda gadon nan ne, da aka ba ta fom shekara shida baya, ta sa alama a akwatin da ya ce daga haihuwa zuwa shekara biyu, ta kuma kafe a kai. To ga inda gizo yake saƙa. Ƙa'idar can ta ce kada tazarar da ke tsakanin uwar riƙo da yaro ta wuce shekara arba'in da biyar, Narelle kuwa wata mai zuwa take cika arba'in da bakwai. Bronwyn Tassell, jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinsu, ta yi mata lissafin a waya har sau uku. Ranar da ta cika arba'in da bakwai, akwatin da ta zaɓa ya zama fanko, babu yaron da zai shiga cikinsa. Ko dai ta yarda da yaro mai ɗan wayo, ko a rufe fayil ɗin. Ranar Laraba Bronwyn za ta taso tun daga birnin Bendigo ta duba gida karo na huɗu, kuma ta ce ba za ta koma ba sai da amsa. Narelle dai amsarta ɗaya ce, wai a rubuta musu wasiƙa su yi mata alfarma.

Larabar da safe, kafin ta fita aikin rabin yini, ta tsaya a kan Warwick, wanda take kira Wazza, yana shan shayi.

"Kafet ɗin ɗakin yaro, Wazza. Ka wanke shi da injin da ka aro, ka buɗe taga ya bushe kafin ƙarfe uku. Abu ɗaya na sa ka. Ɗaya."

"Kar ki damu, an gama," in ji shi.

Warwick mai gyaran firji ne da ɗakunan sanyi na masu inabi, mutumin kirki, hannunsa na da albarka, amma duk abin da aka ce masa amsarsa ke nan. Ya kwashe kayan ɗakin, ya zo kan gado. Falo ya cika da kwalaye, baranda kuma jiya ya shafa mata fenti don baƙuwa, ciyawar tsakar gida na'urar ban ruwa tana feshi. Sai ya ja gadon ya fita da shi ta ƙofar gida, ya ajiye a 'yar ciyawar nan da ke tsakanin shinge da kwalta, wai na minti goma.

A makon fitar da tarkace ya yi wannan. Tun Litinin kowace ƙofa a layin akwai tsibinta, tsofaffin katifu, kujeru masu ƙafa uku, talabijin da suka daina magana, ana jiran motar ƙaramar hukuma. Ko yaron goye a Tarrawin ya san abin da aka ajiye a ciyawar bakin titi a makon nan ya zama na wanda ya riga gani, babu sallama, babu godiya. Kuma in akwai wanda ya kamata ya fi kowa sanin haka, Warwick ne. Injinan yankan ciyawa uku da ke cikin rumfarsa, da kujerar kamun kifinsa, duk daga ƙofofin mutane ya kwaso su, yana zagaya gari da a-kori-kurarsa tun kafin rana ta fito. Shi ne ya kunna inji mai ƙara kamar jirgi zai tashi, ya juya wa taga baya.

Ƙarfe sha biyu da rabi Narelle ta shigo. Ta leƙa ɗakin, ta ga kafet ya yi fes, har ta buɗe baki za ta yaba.

"Wazza, ina gadon?"

"Yana waje yana shan iska."

"Waje ina?"

"Nan bakin..." Bai ƙarasa ba. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta zube.

Suka fita da gudu. Babu komai a ciyawar sai sawun ƙafafu huɗu da nauyin gadon ya bari. Narelle ta tsaya tana kallon ramukan nan. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

"Minti goma fa kawai, Nel."

"A makon tarkace! Kai! Kai da ka taɓa ɗauke keken motsa jiki alhali mai shi ya shiga gida ɗauko ruwan sha ne! Shekara ashirin kana wawure ƙofofin mutane, yau ka kai musu gadon ubana har bakin hanya. Me ya hana ka ɗaura masa kintinkiri?"

Tsoho Carmelo, maƙwabcinsu na tsallaken titi, wanda aka kai wa kifin nan, yana zaune a barandarsa yana kallo. Aikinsa ke nan tun da ya sayar da gonar lemo.

"Gadon kuke nema? Na ga wadda ta ɗauka," ya ɗaga murya. "Farar bas, irin ta masu tsinkar inabi, ƙofar baya shuɗiya. Mace ce, ƙatuwa, ita kaɗai ta ciccibe shi. Ni ma sai da na tafa mata."

"Kana zaune kana gani, Carmelo, ba ka hana ta ba?"

"In hana ta? A wannan makon? Kujerar nan da nake kai a ƙofar likitan haƙori na same ta bara." Ya gyara zama. "Gaskiya ni cewa na yi a raina, to, Narelle ta haƙura ke nan. Har na ji daɗi dominki."

Wannan maganar ta fi ɓatan gadon yi mata zafi. Ashe haka ake kallonta a layin, matar da ya kamata ta haƙura tuntuni. Ta fizge makullin a-kori-kura daga hannun Warwick, ta ce ya shiga.

Suka bi layi-layi. Tarrawin ba wani babban gari ba ne, amma ranar sai ka ce kowa ya sayi farar bas. Suka tsaya a bayan shagon burodi, ta mai gyaran famfo ce. Suka bi wata har gidan mai, ƙofarta fara ce. Agogon mota ya nuna ɗaya da kwata, sannan biyu saura, Narelle tana taka birki kamar da shi take faɗa.

"Da gangan ka yi," ta ce, idonta a kan hanya.

"Haba, Nel."

"Da gangan. Tun watan jiya kake zagaye-zagaye, kai da Bronwyn bakinku ɗaya."

"Na rantse da kabarin uwata ba da gangan ba ne. Wauta ce, kin kuwa san ina da ita." Ya murza hularsa. "Amma tunda kin tono, bari in faɗa. Da na ga wurin wayam, ban ji baƙin cikin da ya kamata in ji ba."

Ta taka birki a tsakiyar layi, wata mota ta yi musu ham ta kewaye.

"Maimaita."

"Shekarata hamsin da ɗaya. Gwiwoyina sun fara ƙara in na tsuguna. Ina so in koya wa wani ɗaura ƙugiya kafin idona ya daina ganin zaren. Ɗan shekara huɗu ne, 'yar shekara shida ce, ni duk ɗaya ne a wurina. Kowace Lahadi ina jin ki a ɗakin nan kina goge katako, ni kuma ina rumfa ina gyaran injin da ba ya buƙatar gyara. Na gaji, Nel. Ke ba ki gaji ba?"

Ta gaji mana. Ta gaji har cikin ƙashinta. Sai dai akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko a cikin tarihin rayuwar nan da ta rubuta sau biyu, yanzu kuma fushi ya tunkuɗo shi waje.

"Jariri bai san kowa ba, Warwick. Wanda ya ɗauke shi, shi ne nasa. Amma 'yar shekara shida ta san fuskar da ta saba gani, ta san harshenta, ta san abincinta. Za ta sauko daga jirgi ta dube ni, tsohuwar Baturiya mai faɗa, ta san ni ba uwarta ba ce. In ta dube ni haka ina zan sa kaina?"

"To ai ba ƙarya ta gani ba. Sai ki dafa mata abinci, gobe ma ki dafa, jibi ma haka."

"Kai komai a wurinka mai sauƙi ne."

"Ban ce da sauƙi ba. Ga bas ɗinki can."

Bas ɗin tana tsaye a ƙofar wani gidan katako kusa da rumfar da ake cika kwalayen inabi, ƙofar bayanta shuɗiya. Narelle ta fito ta bugo ƙofar mota, ta shirya maganarta tsaf. Ta san ba ta da gaskiya ko ta ƙwayar zarra, domin ko gaban alƙali aka je, abin bakin titi na mai tsinta ne. Wannan ya ƙara mata haushi.

Takalma sun fi ashirin a bakin ƙofa. Matar da ta buɗe, Narelle ta san ta, Sela Fifita ce, 'yar ƙasar Tonga, mai zuwa karɓar maganin hawan jinin mijinta duk wata.

"A'a! Narelle ta kantin magani! Yau har gida? Shigo, 'yar'uwa, shigo. Kin ci abinci? Akwai rogo da naman rago a wuta. Wancan mijinki ne yake laɓe a mota? Ce masa ya shigo, ba ma cizo."

"Sela, ba zama na zo yi ba. Magana ce a kan wani gado da..."

"Kin ji labari har kin zo gani? Garin nan! Zo ki ga abin da Allah ya ba ni yau. Amma a hankali, yanzu ta samu barci."

Ta kama hannunta ta ja ta falo. Gadon yana tsakiyar ɗaki a kan tabarma, an goge shi yana sheƙi, agwagin nan uku suna kallon ƙofa. A cikinsa, kan wani bargo mai furanni da Narelle ba za ta taɓa zaɓa ba, jaririya ce kwance, hannuwanta biyu a sama, gashinta baƙi wuluk ya jiƙe da zufa. Bakinta yana motsi kamar tana tsotso a mafarki.

"Sati biyar tana kwana a kwandon wanki," in ji Sela ƙasa-ƙasa. "Ta fara fin ƙarfinsa, ƙafa na leƙowa. Yau da safe na ce, Ubangiji, ka ga halin da muke ciki. Na kai masu tsinkar inabi gona, ina dawowa sai ga shi a bakin titi, tsuntsu daga sama gasasshe. Wane irin mutum ne zai yar da wannan? Dubi aikin hannu!"

"Jikarki ce?" in ji Narelle.

"'Yata ce. Lupe. Ƙanena ne ya ba ni ita. Su suna da shida a ɗaki biyu, ni nawa duk sun girma sun watse, gida ya yi mini shiru. Ya ce, Sela, in mace ce taki ce. Ta zo mace."

"Haka kawai?"

"Haka kawai kamar yaya?"

"Ba likita? Ba 'yan sanda? Ba wanda ya zo ya auna miki shinge?"

Sela ta dube ta da mamaki. "Shinge kuma? Mun yi addu'a, mun ci abinci, matarsa ta yi kuka, ni ma na yi. Gidansu yana bayan coci, kullum tana nan tana ba ta nono."

Narelle ta ji kamar ta kurma ihu. Shekara shida da wata huɗu, fayil mai kaurin bulo, tafkin kifi an cike da yashi, ga wata an ce mata ungo ta ce na gode. Hassada ta kama ta, tsagwaronta, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye wa kanta ba.

A lokacin Warwick ya leƙo, hula a hannu, ya kwashe labarin duka ya zuba, har da kafet, har da baƙuwar ƙarfe uku, har da wanda ya sassaƙa agwagin. Shi dama ba ya iya riƙe magana. Sela ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Na mahaifinki ne? Kuma yau ake zuwa dubawa? Kai, Warwick, amma kai sakarai ne na gaske, ka yafe ni."

"An gaya mini," in ji shi.

"Tsaya in ɗauke ta. Kwandon yana nan, ba abin da zai same ta. Kama can, mu sa muku a mota." Ta sunkuya, ta zura manyan hannuwanta a ƙarƙashin jaririyar.

Abin da Narelle ta zo nema ke nan, an kuma ba ta ba tare da ta roƙa ba. Amma idonta yana kan bargon. Wajen ƙugun yarinyar akwai wani ɗan da'ira mai duhu da ke faɗaɗa a hankali, ƙunzugun ya yi yoyo. Shekara goma sha huɗu tana shafa wa gadon nan mai, ba a taɓa ɓata shi ba sai yau, cikin awa biyu, a gidan mutanen da ba su san sunan wanda ya yi shi ba. Ta tuna muryar tsohon, ta san da yana nan da dariya zai yi har ya share ƙwalla. Baƙin ciki ya taso mata, domin ta gane in ta mayar da gadon gida, goge shi za ta ci gaba da yi har ta mutu.

"Bar ta," ta ce.

Sela ta ɗago.

"Na ce ki bar ta, kar ki tashe ta. Wa yake tashin yaro yana barci?" Faɗa-faɗa take maganar, don in ba haka ba kuka zai ƙwace mata. "Kuma ki ji ni da kyau. Kar ki kuskura ki sa masa fenti. Mai ake shafa masa, zan kawo miki kwalbar. In ta fara haƙori za ta ciji katakon sama, ki ƙyale ta, don haka aka yi shi. Ki canza mata bargon nan, ta jiƙa shi."

"'Yar'uwa, kin tabbata? Baƙuwar taku fa?"

"Baƙuwa ta ga abin da ta gani."

Sela ta rungume ta har ƙafafunta suka kusa barin ƙasa, ta kuma ƙi barinsu su fita sai da ta cusa wa Warwick kwanon rogo da nama. Suka kama hanyar gida. Warwick ya miƙo hannu zai dafa Narelle, ta ce kar ya ga kamar ya tsira, maganarsu tana nan.

Uku saura minti biyar suka iso, suka tarar da Bronwyn Tassell a baranda da jakarta, tana duban tafin takalminta da ya kwashi ɗanyen fenti. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Aka ba ta haƙuri, aka ba ta silifas, ta bi gida da allon rubutunta, ta duba inda ake kulle magunguna, ta danna ƙararrawar hayaƙi, ta leƙa inda tafki yake a da. Da suka zo ɗakin da ke kallon titi ta tsaya a bakin ƙofa. Babu komai a ciki sai jiƙaƙƙen kafet.

"Ina gadon nan mai agwagi? Yana cikin hotunan fayil."

"Yana aiki," in ji Narelle. "Kin zo da fom ɗin?"

Bronwyn ta dubi Warwick, ya ɗaga kafaɗa. Suka zauna a teburin kicin, ta zaro takardar ta fara jawabin da ta haddace a hanya, cewa ta san abu ne mai wuya, kuma babu wanda zai matsa wa kowa.

"Bronwyn, don Allah bar wannan. Tambaya zan yi miki. Ranar da muka fara kawo muku takardunmu, a ce a ranar aka haifi wata yarinya a can, ba ta da kowa. Yau shekararta nawa?"

"Shida. Shida da 'yan watanni."

"Tana tafiya, tana magana, wataƙila har ta fara famfara."

"Wataƙila."

"To ita nake jira tun farko. Tana can tana girma, ni ina nan ina goge gado."

Ta jawo fom ɗin. Ta tsallake akwatin farko da ta riƙe shekara shida, ta tsallake na biyu, ta sa alama a na ƙarshe, mai cewa har zuwa shekara takwas. Tsoron nan bai tafi ko'ina ba, amma ta sa hannu ta tura wa Warwick. Shi kuwa ya rattaba nasa da sauri kamar za a ƙwace.

Bronwyn ta yi gyaran murya. "Sai dai kun san tunda an canza rukuni, za a buƙaci sabuwar takardar likita, da ta 'yan sanda, da ƙarin bayani a tarihin rayuwa. Akwai kuma aji na kwana biyu. Kuma ba zan iya ce muku ga ranar da..."

"Na sani," in ji Narelle. "Yatsun nawa suna nan, ban kai su ko'ina ba."

Bayan motar Bronwyn ta tafi, Narelle ta koma ƙofar ɗakin. Warwick ya biyo ta da tef ɗin awo, yana cewa gado mai tsawon mita biyu zai zauna a jikin taga, kuma ya ga wani mai kyau a ƙofar gidan su...

"Ka ƙarasa maganar nan ka kwana a rumfa. Sabo za mu saya."

Ya naɗe tef ɗinsa. Ita kuwa ba ɗakin take kallo ba. Ta ɗaga hannu ta kifa tafinsa a jikin katakon ƙofa, daidai ƙirjinta.

"'Yar shekara shida, nan take kaiwa?"

Warwick ya ajiye tef ɗin. Ya zo ya kama hannun nata, ya sauko da shi kamar taƙi ɗaya.

"Nan," ya ce.

Narelle ta dubi wurin. Daga ƙasa zuwa tafin hannunta da nisa, kuma duk tsawon nan an yi shi ba ta nan. Sai a lokacin kukan ya zo, ta bar shi ya zo, hannunta yana nan inda ya ajiye shi.

"Kawo fensir in sa alama," ta ce.